Sa hannun direkta: yadda ake duba masu bincike a jami'o'in arewa

Wanda ya taɓa ratsa barandar ofisoshin malamai a jami'o'inmu na arewacin Kamaru a ƙarshen shekarar karatu ya san wannan hoton. Samari da 'yan mata sun yi layi a kan benci, waɗanda ba su samu wuri ba sun jingina da bango, kowa rungume da damin takardu da aka ɗinke da baƙar roba. Ba darasi suke jira ba. Mutum ɗaya suke jira ya zo ya buɗe ƙofa, ya zaro biro, ya rubuta a shafin farko cewa ya yarda a kai wannan aiki gaban alƙalai. In bai sa hannu ba babu sutanans, wato zaman kare aikin bincike. In babu sutanans babu takardar shaida, shekaru biyu ko biyar na rayuwar mutum sun tsaya cak a bakin wata ƙofa.

A gida ba a fahimtar wannan. Uwa a unguwar Hausare ta Garwa takan ce: "Shi wannan karatun ba ya ƙarewa ne? Ba cewa ka yi an gama shiga aji ba?" An gama shiga aji, gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne rubutaccen aikin bincike, wanda ake kira memwar ga mai masta, ko tez ga mai doktora, kuma dukansu biyu suna rataye ne a wuyan malami ɗaya da ake kira direkta. Na zauna a kan wancan bencin shekaru da suka wuce, yanzu kuma ni ne a bayan ƙofar, saboda haka ina ganin abin ta fuska biyu.

Cunkoson bai faɗo daga sama ba. Kafin 1993 jami'a ɗaya ce tak a Kamaru, ta Yawunde, sai cibiyoyi a wasu garuruwa. Gyaran da aka yi a wannan shekarar ya mayar da su shida, ciki har da ta Ngawundare da ke Dang, wajen kilomita 15 daga gari. Shi ne kuma ya soke alawus ɗin da ake ba ɗalibai, ya kawo kuɗin rajista na sefa 50,000 a shekara. Jami'ar Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022. A tsakanin nan, daga 2007, aka shiga tsarin LMD da ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka amince su bi tare: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. A takarda ke nan. A aikace, yaro ya gama lisans ya zaga ofisoshi bai samu aiki ba, sai ya ga gara ya koma ya yi masta da ya zauna a majalisar shayi. Da aka ba da umarnin ɗaukar masu doktora 2,000 aikin koyarwa a jami'o'in gwamnati cikin shekara uku daga 2019, sai kowa ya hango doktora a matsayin ƙofar albashi. Ga kuma 'yan'uwanmu na Cadi da ke tsallako gadar Ngeli ta Kuseri ko su biyo ta Tuboro, suna cika Marwa da Dang duk da cewa Njamena tana da jami'arta tun 1971. A 2023 sai da ministan ilimi mai zurfi, Jacques Fame Ndongo, ya dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban doktora a jami'o'in gwamnati, kuma batun kuɗin gudanar da su yana cikin dalilan.

Ɗalibai sun ninka, masu izinin duba su ba su ninka ba. Matakan malamin jami'a a nan huɗu ne: asistan, sharje da kur, metir da konferans, sannan farfesa. Biyun ƙarshe ne kaɗai ke da hurumin jagorantar doktora. Jami'a sabuwa kuwa, a ɗabi'arta, cike take da matasan malamai da ke matakai biyun farko, manyan ba su da yawa, kuma waɗanda ake da su ɗin su ne shugabannin sassa, su ne shugabannin tsangayoyi, su ne ake kira taro Yawunde. Sai ka ga sunan babban farfesa ne a bangon tez, amma wanda ya karanta ta layi-layi wani ƙaramin malami ne da aka rubuta sunansa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ko ma ba a rubuta ba. Wani direktan ma ba ya arewa gaba ɗaya. Ɗalibi ya hau jirgin ƙasa daga Ngawundare da yamma, ya kwana a zaune, ya sauka Yawunde da safe, a ce masa Malam ya tafi taro Duwala.

To amma ƙarancin malamai rabin maganar ne. Sauran rabin yana cikin tarbiyyarmu, kuma shi ne ba mu son taɓawa.

Mu nan mun san malami da almajiri tun kafin boko. A zaure, mai karatun littafi yakan zauna gaban malam ya karanta layi, malam ya fassara, ya gyara masa wasali, ba zai wuce babi ba sai malam ya ji shi da kunnensa. Ranar da ya sauke, malam ya ba shi ijaza: na shaida wane ya karanta wannan littafi a wurina, kamar yadda na karanta a wurin wane. Sa hannun direkta ijaza ce, ba wani abu ba. Malamin zaure ba zai taɓa ba da ijazar littafin da bai saurara ba, don ya san amana ce. Mu kuwa 'yan boko mun riƙe ijazar, mun saki sauraron. Mun karɓi girman da ake ba malamin zaure, ɗalibi ya rusuna, ya karɓi jakarmu, ya ce "Allah ya gafarta Malam", amma zaman nan na kullum da ya sa malamin zaure ya cancanci girman, shi muka ce ba mu da lokacinsa.

Akwai kuma inda misalin zauren yake karyewa, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata. A zaure ana koyon abin da malam ya riga ya sani. A bincike ana neman abin da malam bai sani ba. Ɗalibin doktora na gari, kafin ya kai shekara ta uku, dole ya fi direktansa sanin ɗan lungun da yake tono, kuma dole wata rana ya iya cewa: "Malam, abin da kuka rubuta a kan wannan, na je wurin na ga ba haka yake ba." Ka gaya mini yaron da aka rena da cewa ba a haɗa ido da babba, ta yaya zai furta wannan? Nakan ce wa nawa su yi mini gardama. Sai su yi murmushi su ce "To, Malam." Wannan "to" ɗin ita ce babbar abokiyar gabata. Tana iya nufin na gane, tana iya nufin ban gane komai ba amma ina jin nauyin tambaya, tana iya nufin ban yarda ba amma ba zan faɗa ba. Sai bayan wata biyu, in ya dawo da babin, kake sanin wacce ce.

Kunyar nan ba ɗalibi kaɗai take cuta ba, tana rufa wa malami asiri fiye da kima. Lokacin da nake nawa doktoran, a wata jami'a da ba sai na ambata ba, na miƙa babi biyu, na zauna wata takwas ban ji komai ba. Kullum in gaishe da Malam a bakin mota, in tambayi iyali, in tambayi gajiya, ban taɓa iya cewa "Malam, ina babina?" ba. Ranar da ya miƙo mini su, gyaransa ya tsaya ne a shafi na goma sha ɗaya. Na yi rantsuwa a raina ba zan yi wa kowa haka ba. Shekaran jiya nake neman tayar safaya a bayan motata, sai ga memwar wani yaro ɗan Mundu ta Cadi a ƙarƙashin darduma, ƙura ta yi mata ja. Sati bakwai tana wurin. Shi kuma sau uku yana gaishe ni a cikin waɗannan makonnin, bai ce uffan ba, alhali kuɗin ɗakinsa na haya yana ta tafiya.

Mene ne ainihin aikin, in an yi shi yadda ya kamata? Mafi nauyinsa yana farko, wajen sassaƙa tambaya. Kusan kowane ɗalibi da babban buhu yake zuwa. Ɗaya ya zo mini da take: tasirin Boko Haram a kan tattalin arzikin yankin Arewa Mai Nisa. Na ce masa wannan ai aikin ma'aikata guda ne na shekara goma, kai kana da wata tara da kuɗin moto. Muka zauna. Me babanka yake yi? Fataucin banda. Daga ina? Daga bakin Tafkin Cadi, ta Bilanguwa. Da hanyar Najeriya ta Fotokol ta rufe, ina kifin ya koma? Sai idonsa ya buɗe, ya shiga zuba: wane ya karye, wane ya koma bi ta Marwa, dillalai sun canza, bashi ya canza hannu. Na ce to ga memwar ɗinka nan, tun kana yaro kake cikinta. Wannan zaman na awa ɗaya ya fi duk jan biron da zan yi masa daga baya amfani. Direktan da ya bar ɗalibi ya tafi da buhun nan kamar yadda ya zo da shi, ya riga ya kashe shi, ko da kuwa zai gyara masa kowane waƙafi.

Sai fita fili. A nan direkta yana ɗauke da alhakin da littattafan dabarun bincike na Faransa ba su san da shi ba. Tun daga 2014 akwai sassan Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari da ba a tura yaro da takardar tambayoyi haka kawai. Baƙon fuska mai rubuce-rubuce yana tambayar wa ke sayar da me, wa ke tsallaka iyaka, ko sojoji su ɗauke shi ɗan leƙen asiri ko 'yan Boko Haram su ɗauke shi. Dole ya riƙe takardar izinin bincike daga jami'a, ya kai ta wurin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, sannan ya bi ta fada, ya gaida lamiɗo ko lawan ko bulama kafin ya buɗe baki a kasuwa. Wani lokacin aikin direkta shi ne ya ce a'a, ba za ka je Kolofata ba, nemi waɗanda suka baro can suka zauna Mora. Damina kuma tana da nata hukuncin: wanda zai yi aiki a yayre, wato filayen da ambaliya ke shanyewa, ko wajen Yagwa ya san akwai watannin da ruwa ne sarki. Jadawalin jami'a bai san da wannan ba, direkta ne zai sani.

Batun harshe shi ne wanda ya fi cin raina, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗalibi ya yi hira da Fulatanci, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa, ko Mafa, ko Tupuri. Ya dawo ya rubuta da Faransanci. A tsakanin bakin tsohuwar da ta yi magana da shafin da alƙalai za su karanta, an yi fassarar da babu wanda ya duba. Manomi ya ce karal, wato ƙasar laka da ake dasa dawar muskuwari a kanta bayan ruwa ya janye, sai yaro ya rubuta "gona" kawai da Faransanci, ilimin ƙarni guda ya zube a kalma ɗaya. Wata ɗalibata ta fassara "kunya" da kalmar Faransanci mai nufin abin kunya, wato tozarci, sai duk babin ya koma kamar matan da ta yi hira da su suna cikin ƙasƙanci, alhali suna bayanin mutunci ne. Ni da na ji Hausa na kama wannan. Na Tupuri fa, wa zai kama mini? Shi ya sa nake tilasta musu su kawo maganar da harshenta na asali a gefe, fassara a gefe, in nemi abokin aiki mai jin harshen ya leƙa. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa da ya rasu a 2004, haka ya tattara tarihin lamidodin arewa daga bakin dattawa, yana ajiye Fulatancin kusa da Faransancin, shi ya sa har yau ake iya komawa a auna aikinsa.

Bayan wannan sai karatu, kuma babu dabara a cikinsa. A ce malami yana da memwar 15, kowace shafi 120, kuma kowace sai an karanta ta aƙalla sau biyu. Shafi 3,600 ke nan, ban da tez, ban da darussa, ban da takardun jarrabawar 'yan lisans da ake kawowa a buhu. Kuma duk a wata biyun ƙarshe suke zubowa, domin ɗalibanmu sun ƙware wajen fafe gora ranar tafiya. Ƙara da zafin Afrilu a Marwa ko Garwa, wuta ta ɗauke, kwamfuta ta mutu, fanka ta tsaya. Mutum ba ƙarfe ba ne. Abin da ke faruwa shi ne a karanta gabatarwa, a leƙa kammalawa, a duba ko jerin littattafai ya yi tsawo, a sa hannu.

Me ya sa malami zai karɓi 15 tun farko? Wani lokaci sashe ne ya raba masa, ba shi da ta cewa. Wani lokaci kuwa shi ya nema. Ƙarin girma a Kamaru yana bi ta CCIU, kwamitin ƙasa mai tantance malaman jami'a, a Cadi da yawancin ƙasashen Afirka masu Faransanci ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta haɗin gwiwarsu da aka kafa a 1968, kuma a duka biyun ana duba ayyukan da malami ya jagoranta har aka kare su. Ana ƙirga adadi, babu mai ƙirga awannin da ka zauna da yaro. Ga kuɗin jagoranci da na zaman alƙalanci da kan yi jinkiri har ƙungiyar malamai ta SYNES ta sha shiga yajin aiki a kan basussuka irin waɗannan. Ina fahimtar abokin aikin da ya ce ba zai kashe idonsa a kan aikin da ba a biya shi ba. Amma ban yarda da shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ladan a nan ba kuɗin gwamnati kaɗai ba ne: sunanka da ke bangon aikin, wanda za ka saka a fayil ɗinka na neman farfesa, shi ma lada ne, kuma ka riga ka karɓa.

Inda iko ya taru a hannun mutum ɗaya ba tare da mai leƙawa ba, ɓarna ba ta nisa. Akwai ɗalibin da ya koma ɗan aike, shi ne kai yara makaranta, shi ne gyara takardun jarrabawa. Akwai maƙalar da yaro ya rubuta shi kaɗai, ta fito da sunan Malam a gaba. Ga 'yan mata kuwa abin ya fi haka muni, kowa a jami'a ya san irin "zo gida da yamma mu duba babin" da ake yi, kuma yarinya ba ta da inda za ta kai ƙara ba tare da ta rasa shekarunta ba. Matar aure tana da nata: maigida ba ya son kiran waya da dare, direkta kuma sai dare yake samun sukuni. Ni dai ƙa'idata mai sauƙi ce, a ofis, da rana, ƙofa a buɗe, kuma na fi son in tara su su huɗu ko biyar lokaci guda kowa ya gabatar da inda ya kai. Wannan zaman taron yana da wata fa'ida da ban zata ba: abin da ba za su iya faɗa mini ba, suna faɗa wa junansu a gabana, har su yi musu da zafi. Canza direkta kuwa, ko da dokar jami'a ta ba da dama, a aikace kamar saki ne a ƙaramin gari, babu malamin da ke son a ce ya karɓi ɗalibin da ya gudo daga wurin abokinsa.

Satar rubutu tsohuwar cuta ce. Da, a shagunan buga takardu na bakin jami'a ake samun tsohuwar memwar a canza sunan gari, Gidar ta koma Kayele. Yanzu ChatGPT ya shigo, Faransancin yara ya yi santsi dare ɗaya, har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Manhajar gano sata tana kama wani abu, amma ba ta kai tambaya ɗaya ta baki ba. In ka ce wa yaro "rufe takardar, gaya mini da Hausa ko Fulatanci abin da wannan sakin layin yake nufi", cikin minti biyu ka san ko nasa ne. Sai dai wannan ma sai wanda ya karanta sakin layin ne zai iya tambaya.

Ranar sutanans biki ce. An yi anko, an kawo lemo da soyayyen nama, iyaye sun zo daga Mokolo ko Bongor, an ci bashi an buga kwafi biyar ko shida masu bango mai kauri. Alƙalai sun sa riguna, shugaba a tsakiya, mai jarrabawa a gefe, direkta kuma a nan shi ake kira raporta, shi zai ba da shaidar yadda aikin ya gudana. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne ba ɗalibi kaɗai ake aunawa ba. In mai jarrabawa ya buɗe shafi na 64 ya ce wannan jadawalin lissafinsa bai haɗu ba, ba yaron yake kallo ba, ta gefen ido abokin aikinsa yake kallo. Na ga direktan da a irin wannan lokacin ya juya ya rufe ɗalibinsa da faɗa a gaban mahaifiyarsa, yana cewa ai ya gaya masa ya gyara, alhali duk wanda ke teburin ya gane yau ne shi ma ya fara ganin shafin. Uwar ba ta jin Faransanci. Ta ga dai manya suna ɗaga murya, sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi har aka tashi aka ce ya ci, da maki 16 cikin 20.

Yaron nan ɗan Mundu kuwa, na kira shi a daren da na tsinci memwar tasa. Na ce masa laifina ne, na mance ta a mota, ya zo jibi da ƙarfe tara. Ya yi shiru a waya, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce: "Ba komai, Malam. Dama na ce ko ayyuka ne suka yi muku yawa." Na kwana biyu a kanta da jan biro. Babi na uku yana da kyau ƙwarai, na biyu sai an rushe shi an sake gini, kuma wata ɗaya ya rage a rufe karɓar ayyuka.